Ɓarawon Tarkunan Orrin

A tsibirin Pell, can gaɓar jihar Maine, in ka ji rediyon jirage ya cika da surutu tun da safe har ba wanda ya samu sararin tambayar yanayin iska, to Orrin Stanwood ne ya fita kamun lobsta, wato ƙaton jatan landen nan na teku mai tsada. Dogo ne mai ƙaton ciki da murya kamar ana buga durom, kuma a bakinsa babu abin da ya shafi teku wanda bai riga kowa sani ba. Shi ya san inda lobsta ke kwana, shi ya san ranar da za ta yi ƙaura. Abu ɗaya ne ya gagare shi sani, wato inda tarkunansa suke.

Kowa a Pell yakan yi asarar tarko. Hadari ya taso ya ja wasu, jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya bi ta kan igiya ya tsinke ta, gorar da ke yawo a saman ruwa don nuna wurin ta kama gabanta, tarkon ya zauna a ƙasan ruwa yana ta kama abin da ba mai ci. Amma asarar Orrin daban take. Ka ce kwangila aka ba shi ya shimfiɗe ƙasan teku da waya da igiya. In aka tambaye shi, amsarsa ɗaya: akwai mai bin dare da rana yana yanke masa igiya saboda hassada.

A wannan gaɓa kowane gida da launin gorarsa, kuma launin gado ne. Na Orrin rawaya ne da baƙin zobe a wuya, sai dai ba nasa ba ne. Na marigayi Elwell ne, mahaifin matarsa Velma. Orrin aure ya kawo shi tsibirin, kuma duk da a nan ya yi furfura, har yau mutumin ƙetare suke ce masa. Da tsohon ya rasu, Velma ta damƙa masa abu uku: jirgin, launin, da kuma Aljihu. Aljihu wani rami ne a cikin duwatsun ƙasan ruwa inda lobsta ke taruwa da kaka, wanda gidan Elwell suka ɓoye tun zamanin kakan Velma. Ba a zuwa sai ranar hazo, kuma gorar da ke riƙe da tarkunan wurin can nesa ake barinta a ƙarshen doguwar igiya, don mai leƙen asiri ya sha wahalar banza. Wannan sirri shi kaɗai ne Orrin ya taɓa riƙewa a rayuwarsa, shi ma don tsoron Velma ne.

Ranar da abin ya kai maƙura, Kaftin Arletta Bunker ce ta turo baro har ƙofar gidansu, maƙare da ruɓaɓɓiyar igiya da wayar tarko mai tsatsa, ga gora rawaya a sama kamar ado. Duk daga farfelar jirginta ta kwance su, bayan ta yi rabin wuni tana lilo a kan ruwa injin a mace. Ta juye kayan a kan furannin Velma ta yi tafiyarta.

Velma ta daɗe tana kallon tulin. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba: “Orrin, ubana ya mutu ba a taɓa tsintar launinsa a shara ba. In kaka ta ƙare kana zubar da shi a teku, zan karɓi abina.”

Orrin ya yi dariya ya ce ai mata ba su san siyasar ruwa ba, amma maganar ta shige shi. Ba tare da rawaya da baƙi ba, shi ba kowa ba ne a Pell illa mijin Velma.

Ana cikin haka wata baiwar Allah mai suna Noemi ta sauka daga jirgin fasinja, daga wata ƙungiyar masu tsaftace teku, ɗauke da akwatunan sabuwar gora don gwaji. Ta tara masunta a rumfar awo ta yi musu bayani. Gorar tana da gilashi a ka wanda ke shan rana ya ba ta wuta, tana aika wa wayar salular mai ita inda take ta tauraron ɗan Adam, in igiya ta tsinke wayar ta yi kuka, sai mutum ya je da ƙugiya daidai inda ta zauna ya janyo tarkonsa kafin ya zama shara. Tsoho Dwinal, wanda ya fi kowa shekaru a tashar jiragen, ya tambaya wa ke ganin wuraren. Noemi ta ce mai wayar kaɗai, sai in shi ya ga dama ya nuna wa wani. Dwinal ya ce to shi ko matarsa ba ta san inda yake kamu ba, balle wani abu da ke rataye a sama.

Noemi ta fara bayanin layukan da za a gani a fuskar wayar, sai Orrin ya miƙe. Ya ce ta huta, shi tun kafin a haife ta yake da wannan tunani, kawai bai samu lokacin ƙera abin ba ne. Ya ce ta ba shi duk abin da ta zo da shi, kafin kaka ta ƙare zai kama ɓarawonsa da hannu biyu, kuma daga kansa za a daina asarar tarko a jihar baki ɗaya.

“Akwai jan layi da nake so in nuna maka,” in ji Noemi.

“Yarinya, ni ja da fari duk na san su.”

Arletta ta ce daga baya: “Ba shi kawai. Ko ba komai teku za ta san mai zuba mata.”

Abu na farko da Orrin ya yi da ya kai gorunan gida shi ne abin da kowane masunci na ƙwarai zai yi: ya ɗauko fenti. Gora ba launi ai marainiya ce. Ya shafe su da rawaya tun daga gindi har ka, gilashin nan ma da ya ga yana ƙyalli ba dalili ya ba shi shafe biyu, sannan ya zagaya baƙin zobe. Ya jera su a katanga yana kiran duk mai wucewa ya zo ya ga aikin hannu. Ya zuba su a ruwa, suka yi 'yan kwanaki suna magana, sannan ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru.

Orrin ya hau rediyo ya sanar wa duniya cewa ɓarawon ya waye, yanzu har tauraron yake toshewa. Dwinal ya amsa daga jirginsa cewa ya wuce ta kusa da wata gorar Orrin da safe, ga ta nan lafiya lau, sai dai an ɗaure mata ido. Orrin ya yi mako yana kankare fenti da reza a bayan rumfa inda yake zaton ba a ganinsa. Duk wanda ya leƙo sai ya ce masa gwaji ne ya yi da gangan, don ya ga ko kamfanin ya yi tunanin fenti.

Da gorunan suka farfaɗo, wata Lahadi ana tsakiyar addu'a a coci wayar Orrin ta tsala kuka. Ya zaro ta, ya ga ɗigo ɗaya yana gudu, kuma ba a ruwa ba, a kan titi. Ya miƙe ya ce ga shi nan, an sato gora an sa a mota, duk namijin da ya isa ya biyo shi. Mutane suka bi shi, ba don jarumta ba, don wa'azin ya yi tsawo. Ya ari keken jikan Dwinal, ya taka, cikinsa na dukan gwiwa, wayar a hannu ɗaya, jama'a na biye a ƙafa da kayan coci. Ɗigon ya bi ta gaban makaranta, ya hau tudu, ya tsaya a juji. Orrin ya iso yana haki, ya tarar da motarsa ta ɗaukar kaya, da Velma tana sauke tulin igiyar da Arletta ta kawo. Gorar tana bayan motar, inda shi da kansa ya manta ta ran Juma'a.

“Ka kama ni,” in ji Velma. “Tunda ka zo da mutane, ku kama mini wancan gefen.”

Wani da an yi masa haka sai ya lafa, amma Orrin ya ce wannan ya nuna na'urar ba ta ƙarya. Kuma a nan gaskiya ya faɗa.

Kaka ta shigo, hazo ya fara sauka, sai tarkuna suka ci gaba da ɓacewa kamar kullum. Yanzu dai wayar na kuka duk lokacin da igiya ta tsinke, sai dai Orrin ba ya ji sai ya dawo tasha, domin yana kan rediyo. Haka yake tuƙi: ya jefa tarko, ya juya baya ga sitiyari, ya riƙe abin magana, ya kewaya da jirgi kewaye mai faɗi don na nesa su ga gwaninta. Ga shi shekarun baya ya sa an ɗaura masa wata wuƙa a jikin farfela, mai yanke duk igiyar da ta nemi naɗewa, yana alfahari da cewa jirginsa bai taɓa tsayawa saboda igiya ba. Wannan ma gaskiya ne.

Wata rana da yamma yana zaune a rumfa yana duba wayar, sai ya lura da abin da ya cika shi da murna. Duk inda ɗigon gora ya tsinke ya fara yawo, akwai wani jan layi da ya ratsa ta kansa daidai wannan lokaci. Ko'ina jan layin nan. Ya buga cinya. Ashe na'urar har sawun ɓarawo take ɗauka. Bai bi layin ya ga inda ya nufa ba, wai kada ya ɓata wa kansa daɗin, kuma bai je ya janyo tarkunan da ƙugiya ba, wai shaida ce kada a taɓa. Ya kashe wayar ya fara kallon Arletta da wani irin murmushi duk inda suka haɗu.

Ran Asabar ɗin da ake walimar cin wake ta ƙarshen kaka, duk tsibirin ya hallara a zauren gari. Dogayen tebura, tukwanen wake, burodi mai ruwan ƙasa, yara na ɓuya a ƙarƙashin kujeru. Noemi ma ta dawo don jin yadda gwaji ya kaya. Ana gama cika ciki Orrin ya bubbuga cokali a kofi, ya ce yau gaskiya za ta yi halinta, kuma wadda ta san ta ci amana gara ta tashi ta fita tun da mutuncinta. Ya ce “wadda” da ƙarfi. Arletta ta ƙara wake.

Ya sa Noemi ta haɗa masa wayar da babbar talabijin ɗin da ake kallon ƙwallo. Taswirar ruwan Pell ta fito ɓaro-ɓaro, ga ɗigogi rawaya, ga jan layi ya yi ta kai da kawo a tsakaninsu. Noemi ta kalli fuskar talabijin, ta kalli Orrin, ta matso za ta yi masa raɗa. Ya ɗaga mata hannu.

Ya ɗauki sandar goge-goge yana nunawa. Ga gora zaune lafiya, ga jan layi ya yi kewaye mai faɗi ya ratsa ta kai, ga gora ta kama hanyar Kanada. Ga wata, haka. Ga wata kuma. Ya ce su dubi rashin kunya, ɓarawon ma ba ya gudu, sai ya yi ta kewaye kamar mai rawa. Dwinal ya ajiye cokali ya ce shi kam kamar ya san wannan rawar.

“Yanzu za ka san mai ita, Kawu,” in ji Orrin. “Mu bi shi har gida.”

Ya ja taswirar da yatsa. Jan layin ya nufi gabas, ya wuce dutsen fitila mai yi wa jirage jagora, sannan ya isa wani wuri da babu ɗigon gora ko ɗaya a kusa, inda kowa ya ɗauka ƙasan yashi ne ba komai. A nan layin ya cukurkuɗe kamar ƙullin zare, alamar an zo an daɗe, an koma an sake dawowa, kuma duk ranakun hazo. Duk masuncin da ke wurin ya miƙa wuya, leɓe na motsi, ana auna nisa daga dutsen fitila da ido. Har Dwinal ya ciro tabarau.

Velma ta ajiye kofinta a hankali.

Orrin bai lura ba, hankalinsa na kan farauta. Layin ya juyo, ya shigo tasha, ya tsaya. Wani ya ce ai nan kusa da maɗaurin jirgin Elwell ne. Orrin ya ce kun gani, har kusa da jirgina yake rakuɓewa. Layin ya hau tudu, ya bi titi, ya shiga wani gida ya ɗan zauna. Orrin ya daka tsalle ya ce ga gidan.

“Shagona ne,” in ji Hattie mai kek. “Kuma mutum ɗaya ne ke shigowa ta ƙofar baya kullum ya ci yanka biyu a tsaye, ya ce kada in gaya wa matarsa, likita ya hana shi zaƙi.”

Dariya ta fara daga teburin baya. Orrin ya ce shago ai na kowa ne, ya ja taswirar da sauri. Layin ya fito daga shagon, ya wuce gidan Arletta ko waiwaye bai yi ba, ya hau tudun coci, ya karya kwana, ya shiga wani gida mai furanni a ƙofa. A nan ya kwana. Washegari daga nan ya fito.

Orrin ya tsaya da sanda a sama. Ya ce wannan fa abin ya wuce sata, mutumin har cikin gidansa yake shiga.

Noemi ta ce a hankali, don ita tausayinsa take ji: “Jan layin wayarka ce, Kaftin. Inda ka bi ne.”

Abin da ya biyo baya, waɗanda ke tsallaken tasha sun ce sun ji shi. Wani ya shaƙe da wake sai da aka bubbuga masa baya. Arletta ta share hawaye ta ce ita dai ta yafe, amma a taimaka a kama mutumin nan, ya addabi mijin Velma shekara da shekaru. Orrin ya buɗe baki zai ce gwaji ne, ya waiwaya neman Velma, sai ya ga ita kaɗai ce ba ta dariya. Ba wurin kek take kallo ba, ba kuma gidansu ba. Idonta na can gabas da dutsen fitila, inda ƙullin jan zaren yake. Sai a lokacin ya gane Aljihu ne ya shimfiɗa wa mutane a bango.

Ran Litinin ba hazo, rana tangararan. Duk wanda ya hau tudu ya kalli gabas ya ga Aljihu ya zama kasuwa: ja da fari, kore da shuɗi, ruwan goro, kowane gida a Pell ya samu wakilci. Duk wanda aka tambaya sai ya ce shi iska ce ta kai shi.

Velma ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ciro rigar ruwan ubanta daga ƙusa, ta sauka tasha, ta hau jirgin ta tsaya a sitiyari. Tun tana budurwa take fita da tsohon, kuma ba ta taɓa barin lasisinta na su ya mutu ba. Ta sa aka kwance wuƙar farfela, ta kashe rediyo. Orrin ya tsaya a bakin gada hannu a aljihu, har ta ce masa ya shigo in zai shigo, akwai jakunkunan koto da ke jiran a cusa musu kifi, kuma wani zai ja ƙugiya.

Haka suka ƙare kakar suna bin ɗigogin da wayar ta ajiye, ɗaya bayan ɗaya, suna janyo tarkuna daga ƙasa, wasu da lobsta a ciki ta rame. Na'urar ba ta kuskure ko ɗaya ba. Tulin da suka tara a bakin tasha sai da ya fi rumfar awo tsayi, Noemi ta ɗauki hotonsa, kuma kafin sanyi ya kama har Arletta ta karɓi gora biyu, da sharaɗin ba za a kusanto da wayarta zauren gari ba. Orrin, yana warin kifi har gwiwar hannu, ya fara gaya wa baƙin da ke sauka daga jirgin fasinja cewa a duk jihar babu wanda ya tsamo tarko daga teku kamarsa. Dwinal ya ce shi shaida ne, kuma duk launi ɗaya.

Gora ɗaya ce Velma ba ta jefa a ruwa ba. Wata safiya za su fita, ta ɗauko ta, ta ɗaure ta tamau a bayan rigar ceton Orrin, gilashin na kallon sama. Ya tambaye ta ko wannan alamar girmamawa ce ga wanda ya kawo fasahar tsibirin.

Ta ja ƙullin ta gwada ƙarfinsa. Ta ce: “Na yi asarar Aljihu, ba zan ƙara ba. In ka faɗa ruwa ina so in san inda zan zo da ƙugiya.”

Orrin ya karkato wuya ya leƙa bayansa. Ta kankare rawayan tas, har baƙin zoben.